Wankan kaza kafin gasar baje koli: yaushe, da me, kuma yaya ake busarwa?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Saura mako bakwai a yi gasar nuna kaji, kuma kajin da za a kai huɗu ne: farar Leghorn ɗaya, Silkie biyu, da zakaran Asil. Don Allah a taimaka da bayani. Ana gobe gasa ake yi musu wanka ko da safiyar ranar? Wane sabulu ya dace? Kuma ta yaya ake busar da kaza ba tare da sanyi ya kama ta ba?

Baba Mai Zakara:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka kyauta da ka yi tambaya tun da sauran lokaci, domin wanka datti kawai yake cirewa. Gashin da ya karye ko ƙwari suka cinye, babu ruwan da zai gyara shi. Yau ɗin nan ka ɗauki kowace kaza ka buɗe fikafikanta, ka duba gashin ɗaya bayan ɗaya, ka duba jela, sannan ka tsaga gashin da ke kewaye da dubura ka ga fata. In ka ga wani farin abu ya dunƙule a gindin gashi, ƙwan ƙwarƙwata ne.

Gashin fiffike da ya karye ba ya sake tsirowa muddin gindinsa na cikin fata, sai lokacin da kazar ta zubar da gashi da kanta. In aka cire shi gaba ɗaya, sabo yana fitowa cikin mako shida zuwa takwas. Dogon gashin jelar zakara ya fi haka daɗewa. Ka ga ke nan lokacinka ya yi daidai da bakin iyaka.

Sannan ka raba su. Kada zakara ya zauna da kajin da za ka nuna, don hawan da yake yi yana karya gashin baya da na ƙeya. Kowace a ba ta wurinta, a shimfiɗa ɓuntun katako busasshe mai kauri, a riƙa kwashe kashi kullum.

Likitan Dabbobi:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ina da gyara kan cire gashi. Tsige babban gashin fiffike yana da zafi ga tsuntsu, kuma wani lokaci gashin da ya fito a madadinsa yakan zo da launi daban ko ya karkace. In ɗaya ne tak ya karye, a cire shi da jan hannu guda, a bi inda ya nufa. In sun kai uku ko huɗu, a haƙura da nuna wannan kazar a bana. Sabon gashin da bai gama girma ba, wanda gindinsa ke da duhu, jini ne a ciki, kada a taɓa shi.

Batun ƙwari kuma, ƙwan ƙwarƙwata yana ƙyanƙyashewa cikin kimanin mako guda, kuma yawancin magunguna ba sa kashe ƙwan. Shi ya sa ake maimaita magani bayan kwana 7 zuwa 10. Akwai wasu ƙananan jajayen ƙwari masu shan jini da ba sa zama a jikin kaza da rana, suna ɓuya a tsagar katako da ƙarƙashin sandar kwana, sai dare su fito. Ka duba akurkin da tocila da dare. In ka yi wa kaza magani ka bar akurki, aikin banza ne. A karanta takardar maganin, a ga kwana nawa za a daina cin ƙwan kazar.

Hajiya Uwar Kaji:
Sannunku da ƙoƙari. Bari in amsa masa ainihin tambayarsa. Yaro, kada ka yi wanka ana gobe gasa, balle da safiyar ranar. Kwana uku zuwa biyar kafin gasa shi ne daidai. Dalili: a gindin jela, ta sama, akwai wani ɗan ƙullutu mai fitar da mai. Kaza tana lakato man da baki tana shafa wa gashinta, shi ne ke ba shi sheƙi, ya kuma kwanta luf. Sabulu yana wanke man nan kaf. Sai ta yi kwana biyu ko uku tana gyara jikinta kafin gashin ya koma yadda yake. Kazar da aka wanke jiya za ka gan ta fes, amma gashin a tsaye, a bushe, ba haske, kuma siffar jikinta ba ta fito ba.

Ka tanadi baho ko manyan robobi uku, masu zurfin da ruwa zai kai kafaɗar kaza in ta tsaya. Na farko na sabulu, na biyu da na uku na ɗauraya. Zafin ruwan ya kasance digiri 35 zuwa 38. In ba ka da ma'auni, tsoma gwiwar hannunka, ya zama ɗumi mai daɗi wanda ba ya cizo. Ka ajiye tawul biyu ga kowace kaza, tsohon buroshin haƙora, soso mai laushi, da kofi na zuba ruwa. Ka haɗa komai kafin ka ɗauko kazar, don da zarar ta jiƙe ba ka da hannun neman wani abu.

Sabulu kuwa, shamfun jarirai ya fi, ko wani sabulun ruwa mai sauƙi marar turare. Babban cokali ɗaya zuwa biyu a lita 10 ya isa, a kaɗa shi cikin ruwan ya narke tukuna. Kada a zuba shi kai tsaye a kan gashi. Garin sabulun wanki da bilic haramun ne a wannan aiki, suna sa gashi ya yi kaushi ya riƙa karyewa, suna kuma ƙona fata.

Riƙon: ƙirjinta a kan tafin hannunka, ƙafafu tsakanin yatsunka, ɗaya hannun a kan fikafikai. Ka saka ta a hankali, ƙafa ta fara shiga. Ka bar ta minti biyu ko uku ruwa ya ratsa har fata, domin busasshen gashi shi ke karyewa in an goga. Daga nan ka bi da soso daga wuya zuwa jela, yadda gashin ya kwanta. Kada ka taɓa cuɗawa ta baya. Fiffike a buɗe shi a kan tafin hannu a shafa daga gindi zuwa baki. Kashin da ya daskare a ƙarƙashin jela a bar shi ya jiƙa, a murtsuke da yatsu, kada a fizge.

Malam Tukku:
Hajiya, a ƙara masa da wannan, don shi ke kashe kaji a baho: kai. Ruwan ɗumi yana sa kaza ta saki jiki har ta lumshe ido, kanta ya sunkuya cikin ruwa. Ko na ɗan lokaci kada ka saki kan, kuma kada ka juya baya. In ka ga zanko ya fara yin duhu, ko tana buɗe baki tana haki, ruwan ya yi zafi, ka fito da ita nan take. Fuska ba a zuba mata ruwa, da jiƙaƙƙiyar auduga ake gogewa, don kada ruwan sabulu ya shiga ido ko hanci.

Silkie ɗinka suna da tukku. Tukku a ƙarshe ake wanke shi, a ɗan karkata kan ta yadda ruwan zai gangara ƙeya, a yi amfani da buroshin haƙora mai laushi. Masu tukku sun fi tara ƙwari a ka, don ba sa iya kai baki wurin. Gashin ƙafar Silkie ma haka, shi ya fi ɗaukar datti, a jiƙa shi sosai kafin a goga.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai. Hajiya, me ya sa ɗauraya har sau biyu? Kuma na ji ana cewa a sa ruwan khal da bula, gaskiya ne?

Hajiya Uwar Kaji:
Ɗauraya ta fi wankan muhimmanci. In sabulu ya rage a jiki, gashin zai manne da juna, ya bushe a dunƙule, kuma ƙura za ta riƙa liƙe masa. Babu gyara sai an sake wanka daga farko. A baho na biyu ka riƙa ɗaga ta kana saukarwa a hankali, ruwa ya shiga tsakanin gashi, ka ɗaga fikafikai, ka bi ƙarƙashin ciki da cinyoyi inda gashi ya fi yawa. Ka matsa gashin ƙirji da yatsu: in ka ji santsi ko ka ga kumfa, da saura. Ka canza ruwan bayan kowace kaza, ko aƙalla bayan biyu.

Ruwan khal fari ana sa shi a baho na uku, kamar babban cokali uku a lita 10. Yana yanke ragowar sabulu. In ya yi yawa yana busar da gashi, kuma in akwai rauni a fata zai yi mata zafi.

Baba Mai Zakara:
Khal na yarda da shi. Bula kuwa, ni shawarata sabon shiga ya bar ta. Amfaninta kaɗan ne, ɓarnarta babba. In ta ɗan wuce kima, ko ba ta narke daidai ba, kazar za ta fito da ratsin shuɗi a fiffike da wuya, kuma ba ya fita kafin ranar gasa. Alƙali na gani ya san an taɓa. Farar kazar da aka tsare da kyau ba ta buƙatar bula.

Hajiya Uwar Kaji:
Baba, ban ƙi ta taka ba, amma masu fararen kaji da yawa suna amfani da ita lafiya lau. Sharaɗin shi ne ɗigo biyu ko uku na ta ruwa a baho guda, a kaɗa sosai, ruwan ya yi shuɗi-shuɗi kaɗan kawai ta yadda kana ganin ƙasan bahon sarai. A fara tsoma farin ƙyalle a gani. In ƙyallen ya canza launi, a ƙara ruwa. Kuma sai an tabbatar babu sauran sabulu, don wurin da sabulu ya rage nan bula ke kamawa ta yi dabbare-dabbare. Tsomawa ɗaya a fito. Wanda bai taɓa yi ba ya gwada a kan wata farar kaza da ba za ta je gasa ba, tun yanzu.

Likitan Dabbobi:
Kafin a yi nisa kan bula, a san abin da ke sa farar kaza ta yi rawaya, don iri biyu ne. Akwai na datti, wannan wanka na fitar da shi. Akwai kuma wanda ke cikin gashin kansa. Rana mai ƙarfi tana sa gashin wuya da na bayan farin zakara ya yi ruwan tagulla, kuma abinci mai yawan jar masara yana iya sa sabon gashi ya fito da ɗan rawaya in ana ba da shi lokacin da gashin ke tsirowa. Waɗannan babu sabulun da ke cire su. Maganinsu inuwa, tun daga lokacin da kaza ta sake gashi. Amma a lura, Leghorn ana son ƙafarta da bakinta rawaya, kuma launin daga abinci yake zuwa, don haka kada a yanke mata masara da ganye gaba ɗaya. Kazar da ta daɗe tana ƙwai ma ƙafarta na koɗewa, don launin yana tafiya cikin gwaiduwa.

Sannan ƙungiyoyin da ke shirya gasa suna hana rina gashi, ko tsige gashi mai launin da bai dace ba don a ɓoye aibu. Wanda aka kama ana fitar da kazarsa. Ka nemi dokokin gasar da za ka shiga ka karanta, ka kuma karanta bayanin siffar kowane iri. A Amurka littafin ma'aunin siffar kaji na ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasar ya fara fitowa tun 1874, kuma alƙali da irin wannan ma'auni yake auna tsuntsu, tsabta ƙari ce a kai.

Malam Tukku:
Mu zo kan busarwa, don nan ne kajinka huɗu za su rabu gida uku.

Da ta fito daga ruwa, ka shafa hannu daga wuya zuwa jela ruwan ya tsiyaye, sannan ka naɗe ta a tawul, kai a waje ta gefe ɗaya, ƙafafu ta ɗaya gefen. Kada ka goga, dannawa kawai ake yi. Bayan minti 10 zuwa 15 ka canza busasshen tawul. Kada naɗin ya matse ƙirji, don tsuntsu da motsin ƙirji yake numfashi.

Silkie ana son gashinta ya tashi ya yi buzu-buzu, saboda haka ita ce ta handiraya. A sa a zafi mafi ƙanƙanta, a nisanta kamar tsawon kamu ɗaya da rabi, hannunka na tsakanin iskar da fata koyaushe, kana ɗaga gashin da yatsu. Kada a tsaya wuri ɗaya. Gashin Silkie ba ya tare ruwa, yana jiƙewa har fata, sanyi kuma na saurin kama ta, don haka a busar da ita sarai kafin a ajiye. Brahma da Cochin da Orpington ma ana busar musu da ƙasan ciki da cinya haka.

Leghorn gashinta kwance ake so. In ka bi ta da handiraya ta ko'ina za ta kumbura ta ɓata siffa. Ka ɗan busar da ƙarƙashin fiffike da ciki, sauran ka bar ta ta ƙarasa da kanta a keji mai tsabta, a ɗaki mai ɗumi kamar digiri 25 zuwa 28, inda iska ba ta kaɗawa. Ka sa mata sanda ta hau don jela ta sauka daidai. Da safe ake wanka, domin kafin dare ta yi nisa da bushewa. Kada a ajiye keji dab da wuta ko a tsakiyar rana: gashi yana nannaɗewa, zanko kuma yana iya ƙuna.

Baba Mai Zakara:
Asil kuwa, ɗana, in ba ya yi datti na gaske ba, kada ka tsoma shi a ruwa sam. Irinsu Asil da Shamo gashinsu gajere ne mai tauri, manne da jiki, kuma taurin nan alƙali ke nema in ya riƙe shi. Wanka na sa gashin ya yi laushi ya buɗe. Ka wanke ƙafa da fuska, ka goge inda ya ɓaci da jiƙaƙƙen ƙyalle, sannan kullum ka riƙa shafa shi da ƙyallen siliki daga wuya zuwa jela. In dole sai an yi wanka, a yi shi mako guda ko kwana 10 kafin gasa.

Mai Agwagi:
Gafara dai manya, in sa baki saboda masu agwagwa da dinya da ke karantawa. Kada su ɗauki wannan tsari su yi wa tsuntsun ruwa. Sabulu na lalata tsarin gashin da ke hana ruwa shiga, sai agwagwa ta jiƙe jagab ta kasa bushewa. Abin da ake yi shi ne a ba ta ruwa mai tsabta mai zurfi kullum, ta yi wankanta da kanta, a ajiye ta a kan busasshiyar shimfiɗa nesa da taɓo na mako guda ko biyu. Baki da ƙafa kaɗai ake bi da buroshi. In fara ce kuma akwai tabo, a wanke wurin tabon kaɗai, a ɗauraye sosai, a ba ta kwanaki ta mayar da man jikinta.

Sabon Hannu:
Allah ya saka da alheri. Saura ƙafa da farce. Ɗaya daga cikin Silkie ɗin ɓawon ƙafarta ya ɗan tashi, ya yi fari-fari.

Likitan Dabbobi:
Wannan alamar ƙwaron ƙafa ce, wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ido ba ya gani, yana haƙa ƙarƙashin ɓawon. Silkie da sauran masu gashin ƙafa sun fi kamuwa. Ka jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, ka goge a hankali, ka busar, sannan ka cika ta da basilin daga yatsu zuwa gwiwa, kana tura shi ƙarƙashin ɓawon. Yana toshe wa ƙwaron iska. A maimaita duk bayan kwana biyu ko uku har tsawon mako uku zuwa huɗu, a kuma tsabtace sandar kwana. Kada ka ɓamɓare ɓawon, jini zai fito. Ka sani ko ƙwaron ya mutu, ɓawon ba ya komawa sumul sai an ɗauki watanni. In har lokacin gasa bai kwanta ba, ka bar ta a gida, domin yana yaɗuwa, kuma masu duba lafiya a ƙofa suna iya mayar da ita. Ka duba ɗayar ma, tunda tare suke kwana.

Hajiya Uwar Kaji:
Ga lafiyayyar ƙafa, lokacin da kaza ke naɗe a tawul shi ne lokacin aiki, don ɓawo da farce sun yi laushi. Buroshin haƙora da ɗan sabulu, a bi yadda ɓawon ya kwanta. Baƙin layin dattin da ke maƙale a bakin kowane ɓawo, da tsinken sakace ake fitar da shi, a hankali, ba tare da an ɗaga ɓawon ba. Aiki ne mai cin lokaci, amma a rawayar ƙafa ko fara daga nesa ake ganin bambancin.

Farce a yanke kaɗan-kaɗan da abin yanke farce. Akwai jijiyar jini a ciki. A farin farce za ka hango ta ja-ja in ka ɗaga shi ga haske, sai ka tsaya kafin ka kai gare ta. In farcen baƙi ne, ba a gani, don haka bakin kawai za ka rage, ka goge da abin gurza farce. In jini ya fito, danna garin sitaci a wurin na minti ɗaya ko biyu. Gara a yi wannan kwana biyu kafin wanka ko bayan an gama ɗauraya, kada jini ya ɓata farin gashi. Bakin sama in ya zarce na ƙasa sosai, a gurza ƙarshensa kaɗan ya daidaita.

Malam Tukku:
Akwai abin da ba mu taɓo ba, kuma yana kayar da kaji masu kyau: sabo da keji. Kazar da ba ta taɓa shiga kejin gasa ba za ta maƙale a lungu ko ta yi ta dukan waya, ta farfasa gashin da ka sha wahala a kai, alƙali kuma ba zai ga tsayuwarta ba. Daga mako uku kafin gasa ka riƙa sa ta a keji mai girman na gasa, awa ɗaya ko biyu a farko, daga baya yini guda. Ka riƙa ba ta ɗan abin da take so ta ƙofar gaba don ta saba matsowa. Shigarwa da fitarwa kai ne ke fara wucewa, hannu ɗaya a kan fikafikai, in ba haka ba fiffike zai maƙale a ƙofa. Ka riƙa buɗe fiffike, kana duba kai da ƙafa yadda alƙali zai yi, wasu mutane ma su riƙa wucewa kusa da ita.

Baba Mai Zakara:
Bayan wanka kada ta sake taka ƙasa, don abu na farko da za ta nema shi ne birgima a turɓaya. A ranar tafiya kowace da kwalinta, mai ramukan iska ta sama, da ɓuntu a ƙasa, tsayinsa ya isa ta miƙe, na zakara kuma faɗinsa ya isa jela kada ta lanƙwashe. Kada a cika mata ciki da safen. Kwandon waya yana cin gashi, a guje shi.

In kun isa, ka duba ƙafa da ƙarƙashin jela, ka goge abin da ya ɓaci. Ɗigon man zaitun ko ɗan basilin a yatsa, a shafa a zanko da leɓa da ƙafa, sannan a goge da busasshen ƙyalle har sai ba ya maiƙo. In ya yi yawa ƙura za ta manne, kuma in ta juya kai ta shafa a wuya ya ɓata gashi. Farar fatar kunnen Leghorn ba a sa mata mai, a goge da auduga a busar kawai. Fuskar Silkie ma ɗan kaɗan ya isa, a kiyaye tukku.

Likitan Dabbobi:
In akwai rigakafin da ya rage, musamman na cutar kaji da ake kira Newcastle, a gama shi aƙalla mako uku kafin gasa, kada a ba da na ɗigawa a ido ko a ruwan sha ana saura kwanaki. Kazar da ke atishawa, ko ido na ruwa, ko take zawo, ba a wanke ta kuma ba a kai ta. In hukuma ta sanar da ɓullar murar tsuntsaye a yankin, a bi umarninta ko da an gama shiri. Ka tafi da kofin ruwa da na abincinka, kada ka ara. In an dawo, waɗannan kajin su zauna nesa da sauran na mako uku zuwa huɗu, su ne na ƙarshe da za a ba abinci kullum, da takalmi da kwanonsu daban. A duba su don ƙwarƙwata a daren da suka dawo da kuma bayan mako guda, kwalayen tafiyar kuma a ƙone su.